Kwanon Iya da Damtsen Malam

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Daga mahaifiyarka a Janfalan ta ƙasar Ikara, zuwa ga babban yaron gidan nan. Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya kai ka Makarfi lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin mutum, ya sa albarka a wannan aikin malamin gona da hukumar En'e ta ba ka, ya haɗa ka da shugabanni masu tausayi.

Na san za ka yi mamaki in ka buɗe jakarka ka ga takarda daga gare ni. Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da shagon da kake kwana, har tarinka ina ji, amma sai da na sa ƙanwarka Hanne ta cusa maka wannan a cikin kaya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kai ne ɗan farina. Tun ranar da aka yanke maka cibi ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa zama na yi hira da kai ba. Tuwo ma sai in ce wa Hanne ta kai wa wancan. Haka na tarar ana yi, haka na yi, mata har yabona suke yi wai na iya kunya. To, yau ga maganar da ba za ta aiku a bakin Hanne ba, bakina kuma ya yi nauyi. Shi ya sa na ɗauko alƙalami da ɗan ajamin da kakanka ya koya mini ina yarinya. In ka ga rubutun ya karkace, ka yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da muciya.

Jiya kawunka Idi ya aiko daga Kudan. Malam, mahaifina, ya zame a bakin rijiyar masallaci ya faɗi a kan hannunsa na dama. Maɗori ya duba ya ce ƙashin damtse ne ya karye, can sama kusa da kafaɗa, kuma ya ɗaure. Ɗan aiken ya rufe da cewa da sauƙi, kada hankalin kowa ya tashi. Wannan kalmar ce ta tayar mini da nawa hankalin. Ni kuwa ga ni cikin takabar mahaifinka, ba ni da ikon kwana a wani gida sai na fita. Ina tsoron kafin in fita a aiko mini da wani saƙon daban.

Za ka ce ai hannu ne, ba ƙugu ba, ba baya ba. Haka kowa yake cewa. Tun jiya nake zaune ina tuno tsofaffin da na sani waɗanda damtse ya karye musu, sai na ga ashe suna da yawa, ban dai taɓa tara su wuri ɗaya a raina ba. Akwai Gwaggo Ladi mai daddawa ta Saulawa, tabarma ce kawai ta harɗe ta. Akwai wani tsoho mai rake a Makarfi da jakinsa ya tirje ya zame. Akwai maƙwabciyarmu ta Kudan da ta miƙa hannu za ta dafa bango, bangon ya yi mata nisa. Yawancinsu mata ne, yawanci kuma da marka, sa'ad da ƙasa take santsi. Yaro zai faɗo daga kan mangwaro a ɗaure shi, kafin kaka ka gan shi yana kokawa. Tsoho kuwa daga tsaye ma zai faɗi, ƙashin ya tafi kamar busasshen kara. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da yawansu ba su ga wata daminar ba. A zaman makoki sai a ce tsufa ne, ko a ce tari ne ya sarƙe shi. Ba mai ambaton hannu. Ajali na Allah ne, ban musa ba. Amma ni na ga yadda ake tafiya daga karayar damtse zuwa kabari, don da hannuna na share hanyar.

Iya nake nufi, kakarka ta wajen uba. Ban sani ba ko kana iya tuna fuskarta, lokacin ko wando ba ka fara sawa ba. Mace ce mai tsabta, mai alkunya har ta yi yawa. Mahaifinka shi ma ɗan farinta ne, ba ta haɗa ido da shi. Ni kuma surukarta ce, in na shiga gaishe ta kaina a ƙasa, ita ma nata a gefe. 'Yarta mace ɗaya ce, ta riga ta rasu wajen haihuwa. Saboda haka a gidan nan babu wanda zai iya taɓa jikin Iya ba tare da kunya ta shiga tsakani ba. Ba mu lura da haka ba sai da ta faɗi.

Faɗuwar ma ni na jawo ta. Ina da halin watsa ruwan wanke-wanke a ɗan lungun da ke tsakanin madafi da ɗakinta, don ƙyuyar zagayawa bayan gida. Da damina wurin ya yi gansakuka. Iya ba za ta iya yi mini faɗa kai tsaye ba, sai ta riƙa gaya wa kajinta, da murya yadda zan ji, cewa su bi a hankali wurin nan da santsi. Na gane sarai da wa take. Haushi ma na ji, na yi kunnen uwar shegu. Ran nan da hantsi ta fito da ƙwaryar gero a hannu, ƙafa ta tafi, ta kai hannun dama za ta tare ƙasa. Na ji ƙarar daga madafi. Na fito na tsaya a kanta ina ta jera sannu, hannuwana a harɗe a ƙirji, na kasa sunkuyawa in kama ta. Da kanta ta lallaɓa ta tashi, ta ja mayafi ta rufe kafaɗar, ta ce ba komai. Na yarda nan take, don yardar ta fi mini sauƙi. Ruwana ne ya kayar da ita, ba na so abin ya zama babba.

Har kasuwar Ikara ta ci ta watse ba wanda ya ga hannun. Sai da mayafin ya zame wata rana tana ƙoƙarin ɗaga buta, na hango damtsen ya yi baƙi ƙirin har gwiwar hannu, baƙin ya gangaro gefen ƙirji. Sannan na gaya wa mahaifinka. Don haka in ka isa Kudan, don can nake so ka sauka, Malam ya ce maka ba komai, ka gaishe shi da kyau, sannan ka ɗaga rigar ka duba da idonka. Tsoho in ya ce ba komai, sau da yawa nufinsa kada a wahala saboda shi.

An kira maɗori daga Saulawa, mutum ne da ya san aikinsa, ba ni da abin faɗa a kansa. Ya shafa man shanu, ya jera tsagaggen gora, ya ɗaure, ya rataye mata hannun a wuya. Da zai tafi ya gaya wa mahaifinka a zaure cewa a riƙa duba yatsun, in sun kumbura ko sun yi sanyi a kira shi ya sassauta. Mahaifinka ya shigo ya gaya mini, ya ɗauka ya sauke nauyi. Ni kuma kullum in na durƙusa a bakin ƙofa sai in tambaye ta ya hannu, ta ce da sauƙi, in tashi ina ganin na duba. Yatsun suna can ƙarƙashin mayafi sun yi suntum, zoben azurfarta ya nutse cikin nama. Kai ka riƙa kama yatsun Malam kowace safiya. Ka ji ɗuminsu, ka danna farce ka ga ko jini yana dawowa, ka ce ya motsa su. In ka ga abin da bai kwanta maka ba, kada ka tsaya jiran shawarar dattawan zaure. A lokacinmu tsoron asibiti ake yi, ana cewa daga an je sai a yanke hannu. Yanzu mulki ya dawo hannunmu, 'ya'yanmu ne a cikin fararen kaya, motar Zariya kuma tana bin hanya. Ka sa shi a gaba ku tafi, in ya so ya yi ta faɗa a cikin mota.

Yanzu zan gaya maka wanda ya fi ba ni kunya, har ina rubutawa ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Ina dafa wa Iya abinci mai kyau, wannan ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Tuwon dawa mai laushi, miyar kuka da man shanu, wani lokaci har da 'yar tsokar kaza. Sai in kai bakin ƙofarta, in durƙusa, in tura kwanon ciki, in ja asabari in koma, don ba a tsayawa a kan suruka tana cin abinci. In na dawo sai in tarar da kwanon wayam. Har alfahari nake yi wa mahaifinka da cewa Iya tana cin abinci sosai, hannu ne kawai. Ban taɓa zama na tambayi kaina da wane hannu take ci ba. Na daman a ɗaure yake. Hagun kuwa, macen da ta shekara saba'in ba ta kai hagu bakinta ba, hannun da take tsarki da shi, ba za ta tsoma shi a tuwo ba ko da yunwa za ta kashe ta. Ba kuma za ta buɗe baki ta ce surukarta ta ba ta a baki ba. Ashe ɗan abin da take iya kurɓa daga bakin kwano shi ne nata, sauran sai ta ture wa kaji ta ƙasan asabari, don kada in ga an bar abincina in ji ba daɗi. Ina ganin kajin nan sun tare a ƙofarta sun yi ɓul-ɓul, ina cewa a raina dabba ma ta san mai ita ba ta da lafiya.

Kada kwano ya ruɗe ka. Ka zauna a gabansa har loma ta wuce maƙogwaro.

Ruwa ma haka. Nakan cika mata buta da moɗa da safe, da yamma in tarar moɗar kamar yadda na ajiye. Na ce ai damina ce, ba a jin ƙishi. Ban yi tunanin cewa mai hannu ɗaya ba ta iya kwance zane ta ɗaura, ba ta iya tsugunawa ta tashi ba tare da madafa ba. Ta ga in ta sha ruwa dole ta zagaya, in za ta zagaya dole ta kira ni, sai ta zaɓi ƙishirwa. Daga nan ta daina fitowa tsakar gida. Ta kwanta, mu kuma muka ce hutu ne, ai mai karaya kwanciya ta kamace shi. Mahaifinka yakan zo safe da yamma ya tsaya daga waje, ya gaishe ta, ta amsa daga ciki da 'yar murya, ya juya. Kowa a gidan yana cika ladabi, tsohuwa tana bushewa a bayan asabari. Da kwanciyar ta yi tsawo sai tari ya shiga ƙirjinta, sai zazzaɓi.

Mutum ɗaya ne a gidan da babu kunya tsakaninsa da ita, kai ne. Jika da kaka sai wasa. Mijinta take kiranka, tana tsokanarka wai ragon miji wanda bai taɓa kawo cefane ba. A kwanakin farko kakan kutsa ɗakin ka hau gadonta, ka gutsuro ɗumamenka ka tura mata a baki, ta karɓa tana dariya tana cewa yau dai maigida ya yi abin kai. Ni kuwa da na gani sai na fizgo ka na make, na ce za ka fama mata hannu. Da ka ƙi ji, sai na sa aka kai ka Kudan wajen Malam wai har ta warke. Ina ganin dabara na yi. Hannu ɗaya tak da take karɓar abinci daga gare shi, shi na ɗauke na kai wani gari.

Ranar da na shiga ɗakin sosai, bayan la'asar ce. Na yi sallama ba ta amsa ba, na sake ba ta amsa ba, tsoro ya fi ƙarfin kunya na ɗaga asabari na shiga har bakin gado. Warin ɗakin ya gaya mini abin da ba a gaya mini ba. Na tallafo kanta na jingina ta a ƙirjina, karo na farko ke nan da fatata ta taɓa tata tun da aka kawo ni gidan. Ba ta fi nauyin yarinya ba. Na ɗebo ruwa a ludayi na kai bakinta, ta sha, na ƙara, ta sha, har moɗar ta ƙare. Sai ta buɗe ido ta dube ni, ido cikin ido, ta ce:

“'Yar nan, ashe za ki iya. Ƙishirwa nake ji tun ranar da na faɗi.”

Na sake cika moɗar na ajiye kusa da ita. Daga ranar na tare a ɗakinta, ina ba ta kunu, ina juya ta, ina gyara ta, ita ma ta saki jiki kamar ba mu taɓa jin kunyar juna ba. Amma tarin ya riga ya yi nisa. Ba ta kai Juma'a ta biyu ba ta cika.

Ni na zuba ruwa aka yi mata wanka. A nan na ga sauran. Bayanta da ƙugunta duk gyambon kwanciya, haƙarƙarinta ana iya ƙirgawa. Da aka kwance ɗorin, tsohuwar da take wankan ta shafa damtsen ta ce ai ƙashin ma ya fara kamawa. Ka ji fa. Hannun yana warkewa, mai hannun ce muka bari. Mata suna shigowa gaisuwa suna cewa Iya ta yi dacen suruka, kwano bai taɓa yankewa a ƙofarta ba. Ni kuwa ina amsawa da amin. Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, bai taɓa ɗora mini laifi ba, ni ma ban ɗora masa ba. Amma har ya koma ga Allah, in aka yanka kaza a gidan nan ba ya ci, ban kuma taɓa tambayarsa dalili ba don na sani.

To, ka dubi gidan Kudan da idon basira. Mahaifiyata ta daɗe da rasuwa. Kawunka Idi ɗan farin Malam ne, daga bakin ƙofa zai tsaya. Matarsa suruka ce, mace mai kirki, za ta dafa ta tura kwano ta ja asabari kamar yadda na yi. Ɗaliban Malam kuwa, masu gemu ma a durƙushe suke yi masa magana, wa zai iya kwance masa mazagi? Shi kuma ka san halinsa, ya fi Iya taurin kai. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana buge hannun yara in sun kai hagu cikin akushi, ba zai ci da hagu a gaban kowa ba. Zai ce azumin nafila yake yi, kuma za su yarda, har su ƙara girmama shi. Gidan nan cike yake da masu ƙaunarsa, kuma a cikinsu zai bushe in ba ka je ba.

Kai jikansa ne. Kai kaɗai ne za ka ja masa gemu a yi dariya. Abin da nake roƙonka shi ne kada ka kama ɗaki a Makarfi tukuna. Ka sauka a Kudan, ka shimfiɗa tabarmarka a ɗakinsa, ka riƙa zuwa aiki a kan kekenka. Na san da nisa, na san hanyar da laka, na kuma san sabon ma'aikaci yana so a gan shi da farar riga ba taɓo. Ka gaya wa babbanku gaskiya, shi ma wani tsoho ne ya haife shi. In ya ƙi, ka zo ka gaya wa Hanne, ni zan san wanda zan aika masa.

Kada ka shiga wa Malam da fuskar jinya, zai kore ka. Ka shiga da tsiya irin taku. Ka ce ka ji labari rijiya ta kayar da shi a kokawa, ka zo ka ga ragon. Ka sa hannu a akushinsa ka ce ba za ka ci ba sai ya karɓi lomarka, in ya ƙi ka ce tsoron yaji yake ji. In ya kawo maka maganar hagu, ka tuna masa abin da shi da kansa ya karantar da mu, cewa Allah bai ɗora wa mai lalura abin da ba zai iya ba. Ka riƙa ba shi ruwa da kunu da fura ko bai nema ba, ka kuma raka shi bayan gida ba tare da ka jira ya roƙa ba, don ba zai roƙa ba. Ka kama masa buta, ka ɗaure masa wando kana yi masa hirar gona kamar ba komai kake yi ba. Kada ka bar shi ya lizimci gado. Ƙafafunsa lafiya suke, ka tashe shi ya zauna, ka fito da shi hantsi, ka taka da shi zuwa zaure ɗalibansa su kawo littattafai ya yi ta gyara musu karatu da baki. Ka duba bayansa in kana canja masa riga. In ka ji tari ya fara, ko ka ga ya fara rikicewa a magana, wannan ba na jira ba ne. Sannan ka ɗebi toka da yashi ka zuba a bakin rijiyar nan, akwai sauran tsofaffi a unguwar.

Ban ce ka yar da kunya ba. Ado ce, ni ma da ita na tashi, da ita zan mutu. Amma na yi mata biyayya a inda bai kamata ba, har na tsaya da hannu a harɗe a kan tsohuwa tana ƙasa. Na roƙi Allah gafara shekara da shekaru, ban taɓa gaya wa mahaluƙi ba sai kai yau. In ka karanta ka ji na ragu a idonka, ba ka yi laifi ba. Ni dai a tayar mini da mahaifina.

Abu na ƙarshe. Ni ma gwiwoyina sun fara ƙara in na tashi daga kan sallaya, lungun madafi kuma yana nan inda yake, ko da yake yanzu bayan gida nake zagayawa da ruwan. Wata rana za a aiko maka a ce na faɗi amma da sauƙi. Zan ja mayafi in rufe, zan juya fuska bango in ce maka ba komai, don na san halina. Kada ka saurare ni. Kada ka tsaya a bakin ƙofa kamar yadda mahaifinka ya tsaya. Ka ɗaga asabari ka shigo.

Allah ya kiyaye hanya, ya tsare gabanka da bayanka. Allah ya ba Malam lafiya ta hannunka, ya jiƙan Iya da mahaifinka, ya yafe mini. Ka gaida kawunka da iyalinsa. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka abin da za ka yi wa kakanka.

Ka sauka lafiya, Haruna. Ga shi na rubuta, na kuma faɗa da bakina a cikin ɗaki, ƙasa ba ta tsage ba.

Wassalam. Ni ce mahaifiyarka.